Tagar da Gada Ta Nema

A wani daji mai yawan itatuwan ƙirya, dabbobi sun shahara da sassaƙar akushi. Ɓauna ce mai wurin aikin, ita ce kuma ta kawo wani sabon mai daga nesa, wanda in an dafa an shafa, sai akushi ya riƙa ƙyalli kamar an jiƙa shi. Ɗakin dafa man ba shi da taga, don Ɓauna ta ce iska tana ɓata ƙyallin. Gada ce ke tsaye a kan tukunyar tun hantsi har la'asar.

Ba ta daɗe da kama aikin ba ƙirjinta ya fara kuka. Da ta shaƙi tururin sai maƙogwaro ya tsuke, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Ranar hutu kuwa sai ta wayi gari garau. Ba ta ce a daina man ba. Taga kawai take so a fasa, sai ta kai kukanta majalisa.

Majalisar dajin ranar hutu kaɗai take zama, don kada aiki ya tsaya. Raƙumin Dawa, shugabanta, wanda hancinsa bai taɓa saukowa inda hayaƙi yake ba, ya sunkuyo ya ce, "To, ja numfashi mu ji."

Ta ja. Ya shiga lafiya, ya fita lafiya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yau ba aiki ne. Ku zo gobe da azahar ku same ni a bakin tukunya."

Ya ce, "Mai ƙara ke zuwa majalisa, majalisa ba ta bin mai ƙara."

Ɓauna ta gyara zama ta ce, "Ni fa ban ce ƙarya take yi ba. Amma ciwon da ya san ranar aiki ya san ranar hutu, yana da wani suna da ba zan faɗa a gaban manya ba."

Aka yi dariya. Gada ta sunkuyar da kai.

Sai Zalɓe, mai binciken cututtuka, ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, fukar da ke zuwa da aiki ta tafi da hutu, wannan kanta shaida ce. Amma in sai kun gani da ido, akwai hanya. A ba ni ɓeraye. Ƙirjinsu ƙarami ne, abin zai nuna da wuri. In raba su biyu, wasu su shaƙi tururin man, wasu su shaƙi na ruwan zafi zalla. In na farko suka kamu, na biyu suka tsira, to man ne."

Majalisa ta yarda baki ɗaya. Ba a tambayi ɓeraye ba, don ba su da kujera.

Aka rataye keji a saman tukunyar, kuma Gada ce dai ke iza wutar. Wannan shi ya fi ciwon damunta. Kullum tana jin ƙananan ƙiraza suna kuka irin nata, kuma ta san ƙararta ce ta kawo su.

Wata rana wani tsohon ɓera ya leƙo ta tsakanin sandunan kejin ya ce, "Yaya Gada, ashe abin da kike sha kullum ke nan? Mu an ce mana bincike ne. Ke me aka ce miki?"

Ta ce, "Aiki."

Ya yi dariya har ta koma masa tari. Da ya lafa, ta ce, "Baba, zan je in janye ƙarar a sake ku."

Ya ce, "Kul. In kin janye, mun sha a banza ke nan. Ke dai ki ga an fasa tagar."

Bai kai ranar zaman majalisa ba.

Zalɓe ya kawo bayani ba tare da ƙari ko ragi ba. Masu shaƙar ruwan zafi suna nan lafiya lau. Masu shaƙar man, hanyoyin numfashinsu sun kumbura sun cika da majina, wasu sun mutu. Gada ta ji zuciyarta ta ɗan yi sanyi, ta fara tunanin ta gefen da za a fasa bangon.

Ɓauna ta ce, "Malam Zalɓe, tambaya ɗaya. Gada ɓera ce?"

Ya ce, "A'a. Kuma gaskiya ne ba duk abin da ya sami ɓera ke samun gada ba. Amma in aka haɗa da abin da ita kanta ta..."

Raƙumin Dawa ya ce, "Ya isa, Malam, Allah ya saka da alheri. Ilimi ya yi magana, mu kuma ba ma jayayya da ilimi. An tabbatar man nan yana cutar da ɓeraye. Saboda haka daga yau an hana kowane ɓera shiga ɗakin, don kare lafiyarsa. Batun Gada kuwa, yana buƙatar ƙarin bincike."

Aka yaba wa majalisa saboda tausayin ƙanana.

Washegari Gada ta iso aiki ta tarar da magina a jikin bangon da laka a hannu. Ta tsaya tana kallo, ko hukuncin ya sauya. Ramukan ɓeraye suke toshewa, waɗanda ta nan ne iska ke ɗan samun shiga ɗakin. Suka shafe su tas, suka wuce. Ta shiga ta hura wuta.

Tun daga ranar, ba a sake jin ɓera ya yi tari a dajin nan ba.