Ranar da na ce jinina baƙuwa ce

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da aka kai ni lakwal, makarantar boko, ba, ni da ko alif ban taɓa ja da alli ba. Malamin da ke koya wa yaran kolej labarin ƙasa, wanda suke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, shi ya zo har gida. Wai yana koyar da yadda mutane ke ƙaruwa, yana son tsohuwar da ta san Filinge tun tana ƴar ƙarama. Na ce ya zo inda ya dace. (A unguwarmu ba a ɗaura aure sai an tambaye ni asalin ango.)

Da na shiga ajin, taswirar bango ce ta fara ɗauke mini hankali. Wani zare shuɗi ya ratsa ta. Na ce mene ne wannan? Ya ce dallol ɗinmu ne, busasshen kwarin nan da muke zaune a ciki, da can babban kogi ne mai gangarawa har Kwara.

"To ina ruwan ya tafi?"

"Saura na ƙarƙashinki, Inna. Shi ya sa rijiyoyinku ba su da zurfi."

Shekara nawa ina jan guga, ashe kan kogi nake tsaye. Da na tsaya nan ina tambaya, da na fita da mutuncina.

Sai ya ce in ba su labarin garin. Na lissafa gidajen da na tarar, da inda gonar gero ta koma unguwa. Yara suka kasa kunne, kaina ya kumbura. Na ce, "Mushe, garin ya ƙaru, amma bai fi ƙarfina ba. Nuna mini duk yaron da ka so, in faɗa maka kakansa."

Ya nuna wani dogo. Na dubi kunnensa na ce jikan maƙera ne. Aka yi tafi. Na biyu, tafiyarta kawai na gani na ce gidan masu awon gero. Aka sake tafi.

Ta uku wata siririya ce a layin baya. Na dube ta sama da ƙasa, na ce ta juya. Na ce, "Wannan baƙuwa ce. Goshin nan ba na ƙasarmu ta Kurfai ba ne. Ɗiyata, daga ina aka kawo ku?"

Ta sunkuyar da kai. "Kaka, ni ce takwararki. Daga Baleyara na zo karatu bana. Da sallah ma na gaishe ki, kika ba ni dabino."

Tattaɓa-kunnena ce, jikar ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa. Ni na yi mata wankan farko. Goshin kuwa, da na sake dubawa, nawa ne sak.

Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Mushe ya juya ga allo a hankali ya ce, "Ku rubuta. Wannan shi ne darasin yau."

Kafin la'asar labarin ya kai kasuwa. Yanzu in an zo tambayar asalin ango, sai wata ta ce, "A fara nuna mata na gidanta."

Tun ranar, duk yaron da ya durƙusa gaishe ni, ba na duban kunne ko goshi. Tambaya nake yi: "Ɗan wa ne kai?" Kuma sau uku ke nan amsar na fitowa daga cikin gidana.