Keken Yaya Habibu

Ba zan taɓa mantawa da ranar baje kolin fasaha ta makarantarmu ba, ko da yake na yi bakin ƙoƙarina in manta. Ni malamin zanen fasaha ne a wata sakandare a nan Wudil, kuma a gidanmu ni ne wanda ake miƙa wa takardar asibiti ya karanta. Wannan ɗan muƙami shi ya kai ni ya baro.

Yayana Habibu ya rasu a damina. Shekara goma ya ba ni, kuma mai faci ne a bakin titi har ƙarshen ransa. A zaman makoki na ji wani yana faɗa a bayana, ƙasa-ƙasa, wai Allah ya jiƙan Habibu, bawan Allah bai bar komai ba sai famfon iska. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da muka zo kwashe ɗakinsa, sai ga ƙaramin kekensa na yarinta, irin wanda ake kira BMX, rataye a bayan ƙyaure. Na ɗauko shi da niyyar in nuna wa garin nan cewa Yaya ya bar wani abu.

Keken kuwa abin kallo ne. Ƙafafunsa na roba ne masu yatsu biyar, babu waya ko ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne firam ɗin, wato gangar jikin keken. Kowane keke bututu ɗaya yake da shi daga sirdi zuwa wuya, wannan biyu gare shi a jere, na biyun ɗan siriri mai lanƙwasa. Can ƙasa kuma ga wasu guntayen ƙarafa biyu sun fito dama da hagu kamar ƙahonni.

Na ɗauki hotuna na saka a wani dandali na masu tara tsofaffin kekuna a intanet. Turawa suka yi ca. Wannan ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, wancan ya ce wataƙila na gwaji ne da kamfani ya ƙera bai fitar kasuwa ba. (Na ga "wataƙila" ɗin sarai, na tsallake ta kamar yadda ɗalibaina suke tsallake umarnin jarrabawa.) Sati uku ina karatun firam-firam: masu bututu biyu, masu wutsiya zagayayya, masu birki a ɓoye. Na ga tabon walda a ƙarƙashin fenti, ni da nake koyar da walda a allo, na rubuta a takardata cewa "aikin hannu ne na ƙwararru".

Ranar baje kolin, shugaban makaranta ya gayyato iyaye da masu sana'a na gari. Na ɗora keken a tebur, na jingina kwali mai ɗauke da sunan Yaya da manyan baƙaƙe, na riƙe rula ina nuni. Na ce bututu na biyu dabara ce ta injiniyoyin ƙasar waje don raba nauyi idan mahayi ya yi tsalle ya dira. Na ce ƙahonnin ƙasa na wasan gwaninta ne. Na ce a iya bincikena babu na biyunsa a duniya, kuma marigayi yayana ne ya adana shi. Aka tafa. Shugaba ya gyaɗa kai kamar shi ya koya mini.

Sai wani tsoho ya taso daga layi na biyu. Baba Ɗanjuma ne mai walda, wanda ya koma Dagumawa tun da idonsa ya yi rauni. Ya zo ya shafa firam ɗin da yatsa, ya sunkuya ya leƙa ƙasansa.

"Auta, ashe keken nan yana nan?"

Babu wanda ya kira ni Auta a makarantar nan sai ranar. Na ce, "Yana nan, Baba. Ka san shi ne?"

"Yo ni na yi waldar nan. Wannan siririn, ƙarfen gadon innarku ne, na wajen kai. Habibu ya ciro shi ba ta sani ba, ya sha duka kuwa."

Na ji 'yan aji uku sun fara motsi. Na ce, "Baba, anya ba wani keken kake nufi ba? Wannan masana sun duba shi."

"Masanan suna nan lokacin da na ƙone babban yatsana a kansa?" Ya ɗaga yatsan kowa ya gani. "Waɗannan kuma kusoshin garmar shanu ne. Ba wasan gwaninta ba ne, wurin ɗora ƙafarka ne."

"Ƙafata?"

"Taka mana. Kana shekara uku ka faɗa a garwashi, ƙafar ta ƙi warkewa. Kullum sai an kai ka wankin ciwon a asibiti, keken ba kariyar goyo a baya, kai kuma ba ka zama a bututu ɗaya, zamewa kake kana ihu. Shi ne Habibu ya ce in ƙara masa na biyu ya ɗaura maka matashi. Wata huɗu yana kai ka kafin ya wuce makaranta, har suka kore shi saboda latti. Ba a gaya maka ba?"

Ba a gaya mini ba. Ni dai na san tabon da ke ƙafata ta hagu, na kuma san Yaya bai gama makaranta ba, amma a gida cewa ake yi ba ya son boko, ni ma na sha faɗar hakan.

Wasu suka yi dariya, kuma ban ga laifinsu ba. Wani abokin aikina ya ce daga baya, "To Injiniya, a gyara kwalin, a sa ƙirar Wudil." Shugaba ya yi gyaran murya ya ce a wuce teburin masu sabulu. Baba Ɗanjuma bai ma lura ya kashe ni ba, yana ta shafa waldarsa yana cewa, "Ka ga ko tsagewa ba ta yi ba."

Da yamma na tura keken zuwa gida a ƙafa, don ya yi mini kaɗan. Na tambayi Inna. Ta ce haka ne, kuma Habibu ne ya hana a faɗa mini, wai kada in ji nauyi in kasa karatu. Daga nan ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Har yau yara suna kiran duk wani ƙarfe mai lanƙwasa "ƙirar ƙasar waje" idan na wuce, ni kuma ina yin kamar ban ji ba. Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: idan ka tsinci abu a ɗakin mamaci, ka fara tambayar tsofaffin gidanku kafin ka tambayi Turawa. Da ma dai ka tambayi mai ɗakin tun yana amsa sallama. Na yi shekaru ina wuce rumfarsa a kan kekena da jakar littattafai, abin da ya fi haɗa mu shi ne, "Yaya, a ƙara mini iska."