Rasuwar Shosho, Wadda Aka Cusa Wa Katin Bogi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya ƙi zubar da hawaye a gaban maƙiya, Kerubo Nyanchama ta unguwar Umoja a Nairobi, mai digiri a zanen gine-gine, tana sanar da rasuwar kwamfutarta, wadda 'yan ofis suka laƙaba wa Shosho, wato Kaka, don raini, ita kuma ta riƙe sunan don girmamawa.

Marigayiyar ta rasu ne sanadin wata "a'a" da aka ƙi saurara. Ranar da shugaban ofis, Mista Gathogo, ya dire wani kwali mai sheƙi a teburin Kerubo, ya ce ta cire tsohon katin sarrafa hoto na cikin kwamfutar ta saka wannan, ta jujjuya shi ta mayar masa.

"Yallabai, ba zan saka ba. Kwalin ya fi katin nauyi."

"Ƙanin matata ne ya kawo shi daga shagunan kayan lantarki na titin Luthuli. Ma'ajiyarsa giga goma sha shida! Wannan kakar taki za ta kai mu kabari da jinkiri."

Ta fita cin githeri, dafaffen masara da wake, ta dawo ta tarar da surukin nasa, Kamotho, da sukudireba a hannu, yana murmushi kamar ungozomar da ta karɓi tagwaye. Aikin gama ya gama, an cusa katin.

Shosho ta kasance mai haƙuri da sanin iyakarta. Ofis ba shi da na'urar kirki, shi ya sa Kerubo ta ɗauko tata a cinya cikin motar haya, matatu. Ta jure ɗaukewar wuta, da ƙura, da shayin da aka zubar mata. Ta zana gidajen da ko tubalinsu ba a buga ba, har aka saye su. In kaya ya yi mata nauyi sai fankarta ta ce "huuuu", ta ja a hankali, ta kai. Ba ta taɓa cewa tana iya abin da ba ta iyawa ba, halin da ya yi ƙaranci a wancan ofishin.

Ciwon ajali ya bayyana ranar da aka ɗora mata bidiyon rukunin gidajen Kitengela. Bishiyoyi suka koma shunayya. Tafkin ninkaya ya hau kan rufi. Fuskar wata mata mai murmushi a bakin ƙofa ta miƙe har titi. Kerubo ta yi jinya iya jinya: ta sauya manhajar katin, ta sauya waya, ta rage nauyin hotuna. A nan ta gano cutar. Muddin aiki bai wuce giga huɗu ba, lafiya lau. Yana wucewa, sai hauka. An koya wa katin ƙarya ne tun daga shago. Huɗu gare shi, yana iƙirarin sha shida, yana karɓar ajiya yana kaiwa ɗakin da ba a gina ba.

"Ƙanwata, ga shi a rubuce a fuskar kwamfutar," in ji Kamotho. "Ko digirin naki bai haɗa da karatu ba?"

"Ni ma zan iya rubuta 'jirgin sama' a jikin matatu, yaya. Hau ka tashi mu gani."

Masu sayen gidaje na hanya, Mista Gathogo ya danna aikin gaba ɗaya da hannunsa. Katin ya yi zafi, ƙauri ya tashi. Kalaman Shosho na ƙarshe su ne "tik, tik", sannan shiru.

Ta rasu ta bar linzamin kwamfuta mai ɗingishi, da allon madannai wanda haruffansa suka goge saboda aiki, da tsohon katinta, lafiyayye garau a aljihun tebur, maraya ba gida. Kamotho ba ya cikin dangi, kada a yi masa gaisuwa.

Washegari Mista Gathogo ya tara ma'aikata, ya umarci Kerubo ta ce tsohuwar na'urarta ce ta ƙona sabon kati, ta ba Kamotho haƙuri, a ba ta wata kwamfutar, aiki ya ci gaba.

"'Yata, kalma ɗaya ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "In ba haka ba, ko ruwa ba zan samu a gidana ba."

"To ka sha a ofis, Yallabai. Shosho ba ta yi mini ƙarya tana raye ba, ba zan yi mata tana mace ba."

Aka nuna mata ƙofa.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar daga Umoja, a cinya cikin matatu kamar yadda ta saba, zuwa wurin masu kwance na'urori a Ngara. Babu kwamitin jana'iza, babu taron neman gudummawa, babu jawabi daga duk wanda ya taɓa riƙe sukudireba. Mai son yin ta'aziyya ya hanzarta kafin ƙarshen wata, domin Kerubo ba ta da aiki, ba ta da kwamfuta, ɗakin ma za ta sake shi. Haƙurin dai ba ta bayar ba.