Rumbun Aro da Rigar Nomau

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da mutanen garinmu suka tuɓe ni a gaban surukina.

Zamanin Nasara ne. Kowace shekara in an gama shigar da hatsi, kumandan zai taso daga Dogon Dutsi da tafintansa da masu bulala, ya zo ya auna ƙarfin gari don ya yanka mana lanho, wato haraji. Ba ya bin gida-gida, rana na cin sa. Sai a jera magidanta a ƙofar mai gari, daga mai shanu har zuwa wanda ko kaza ba shi da ita, ya je tsakiyar layi ya dafa mutum ɗaya. Rumbun wannan mutumin shi ne rumbun gari. In ya fi na bara, lanho ya hau kan kowa. In bai fi ba, a bar mu yadda muke.

Tun shekarar da fara ta cinye gonaki, wadda ta ɗauke matata ta bar ni, ni ne na tsakiya. (Ba sarauta ba ce. Jaki ma a tsakiyar kaya yake.) Hatsina bai taɓa wuce cibiyar rumbu ba, shi ya sa gari ke ƙaunata. Addu'ar da ake yi mini ke nan: "Allah shi bar muna kai yadda kake."

A kakar nan na nemi wata bazawara a Sukukutane. Ubanta, Baba Arzika, ya ce ɗiyarsa ta sha yunwa a gidan aurenta na fari, ba zai sake ba da ita ba sai ya leƙa rumbu da idonsa. To, mu a wajenmu in suruki zai zo duba, gari ke cika wa mutum rumbu. Kowa da haka ya yi aure, har mai gari. Kowane gida ya kawo mini dami. Tsohuwa Kulu ta ɗaure awakinta a turkena. Taubashina Nomau ya ba ni babbar rigarsa. Muna zaton kumandan ba zai zo ba sai wata ya mutu.

Ranar da Baba Arzika ya zo duba, yana saukowa daga kan tsanin rumbu, bakinsa har kunne, muka ji dawaki.

Aka jera mu. Nasara ya dafa ni, kamar kullum. Muka nufi gidana, gari duk a bayanmu. Ya hau tsani, ya leƙa, ya yi fito.

Tafinta ya ce, "Kai! Kumandan ya ce wanga hatsi duk naka na?"

Na dubi dama, Baba Arzika. Na dubi hagu, mai gari, idonsa kamar garwashi. In na ce nawa ne, lanho zai hau kan mutanen da sai sun sayar da iri su biya. In na ce aro ne, mata ta tafi.

Na ce, "Nawa na."

(Da na so in ce muku bakina ne ya suɓuce. Bai suɓuce ba. Na gaji da dafa wa kaina tuwo.)

Tsohuwa Kulu ta fara. "Naka? Awakin ga kuma uwarka ta haife su?" Ta kwance su tana zagi. Sai maza suka yi wa rumbu caa. Kowane gida da irin ƙullinsa na dami, don haka ba gardama: kowa ya zaro nasa ya ɗora a ka. Mai gari da kansa ke riƙe musu tsani. Su ne fa mutanen da jiya suka kawo da hannunsu suna cewa Allah ya sanya alheri!

Sai ga Nomau a gabana.

"Taubashi, rigar."

Na ce, "Nomau, don Allah bari mu shiga ɗaki."

"In Nasara ya rubuta ta, ni ka biya. Tuɓe."

Na tuɓe. Wandon nawa ne, kuma abin da rigar ke rufewa ke nan: ya yage daga baya, tun daga mazagi har cinya. Na juya don in ɓoye wa Baba Arzika, na nuna wa kumandan. Na juya wa kumandan, na nuna wa mata.

Nasara ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya sake leƙa rumbu, ya tarar bai kai na bara ba, domin a cikin hayaniyar wasu sun haɗa da nawa. Lanho bai hau ba. Gari ya yi ta godiya ga Allah. Ni ko sannu.

Baba Arzika ya kwance jakinsa. Ya ce, "Yaro, aron hatsi ba komi na ba, ni ma da shi na yi aure. Amma garin da ka tuɓe ango, mi za su yi ma amarya?" Ya hau ya tafi.

Abin da na koya kaɗan ne. In za ka fita kunya da kayan mutane, fara ɗinke abin da yake naka. Shi kaɗai za a bar ka da shi.