Yaƙin Malam Kuwabara da Roba

A duk unguwarmu da ke gefen birnin Sendai babu mai ilimin Malam Kuwabara, tsohon shugaban makaranta, kuma shugaban kwamitin shara. Mu tsofaffin malamai mun tabbatar da haka, domin shi da kansa ya sanar da mu. Ƙamus muke kiransa, amma a bayan idonsa.

Wata safiya ya karanta a jarida cewa ɓerayen da aka ba sinadarin roba tun suna ciki sun fi kamuwa da sankarar mama idan sun girma. Kafin shayinsa ya huce ya zama likita. Daidai lokacin 'yarsa Chizuru ta zo goyon ciki, kuma an ce mace za ta haifa.

"Jikata ba ɓera ba ce!" in ji Ƙamus. "Roba ta gama kwana a gidan nan." Muka tafa masa, alhali ba mu karanta labarin ba.

Ya tattara kwanuka, ludayin shinkafa, kujerar wanka, har da bahon jaririya. Kowane abu sai ya yi wa Chizuru lacca a kansa kafin ya jefa a buhu.

"Baba," ta ce, "ɓerayen nan sinadari kawai aka ba su, ba a haɗa musu da lacca ba. In ka ci gaba, gidan surukata zan koma."

Wannan ya sosa masa rai, domin a ganinsa surukar ba ta taɓa gama karanta jarida ba. Don gaggawa ya fitar da buhunan a ranar da ba ranar kwasar sharar roba ba ce, ya tafi wayar da kan jama'a.

To, dokar unguwa, wadda shi ya tsara, ta ce sharar da ta saɓa rana a mayar wa mai ita. Muka yi taro, muka ga karya dokar Malam rashin ladabi ne. Muka kwashi buhunan muna sunkuyawa, muka jera su a zaurensa har suka tare hanya. Chizuru ta dawo daga awo, ta dube mu, ta kira tasi.

A gidan surukar ta yi jego. Da Ƙamus ya je ganin jikarsa, aka miƙo masa shayi a kofin roba. Ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, ya yaba kofin.