Farfesa Kumfa da Garin Gawayi

A shekarun da tuta mai baƙin tauraro take sabuwa, Allah ya yi wa Tamale baiwa biyu: 'yancin kai da Malam Abdulgafaru. Shi dai a ganinsa ta biyun ta fi girma.

Daga Ingila ya dawo da farar rigar masu bincike, wadda ya ce manyan masana ne suka sa masa da hannunsu. Ba ya cire ta. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa jana'iza, kullum ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ba mai ita. Mata masu dafa sabulu a unguwar Sagnarigu suka raɗa masa Farfesa Kumfa. Ya ji daɗi ƙwarai, don rabin farko kawai kunnensa yake ɗauka.

Iliminsa ɗaya ne tak, amma ya fi goro zagaya gari.

"Ku saurara, jama'a! Sabulu mai kauri yana malala kamar ruwa, amma cikinsa sahu-sahu ne kamar masallata. Inda sahu ya karye, nan ne aibi. Ku zuba ƙwayoyi ƙanana, za su bi su taru a wurin, su maƙale. Baƙi ba ya sauka sai a kan aibi! Ni na gano wannan, Turawa suka yi ta tafi."

Maganar sahu gaskiya ce, haka masana suke faɗa. Yadda ta shiga kunnen Farfesa ne ba wanda ya tambaya.

Sai aka ji za a buɗe masana'antar sabulun man kaɗe, ana neman manaja. Farfesa ya daina cin abinci sosai. Kujerar nan yake so kamar ransa, har ya fara gaisa da mutane da yatsa biyu. Da wakilin gwamnati, wani Mista Andani, ya iso daga Accra don zaɓen wanda ya dace, Farfesa ya tara gari a filin makaranta. Ya ajiye babban daro na sabulu da ƙwaryar garin gawayi, ya kuma aro zugazugin maƙeri. Gwadawa tukuna? Ya ce wannan aikin masu shakka ne.

"Yau za ku ga ilimi da idonku!"

Ya danna zugazugi cikin ƙwarya da ƙarfin wanda ya riga ya zama manaja. Gari ya tashi, ya bar daro yana kallo, ya lulluɓe Farfesa. Ya yi tari, ya kakkaɓe riga cikin isa. Gawayi ya zube daga ko'ina, ban da wuri guda.

A da, a kan aljihun ƙirji akwai rubutun zare, wanda Farfesa ya tsefe tun a jirgin ruwan da ya dawo da shi. Zare ya tafi, hudojin allura suna nan, gumi da sitaci sun jiƙa su. Gawayi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya zauna daram. Haruffa suka fito baƙi ƙirin.

Mista Andani ya matso, ya gyara tabarau, ya karanta Turancin, sannan ya fassara wa jama'a a hankali: "Mai wanke kwalabe."

Can daga baya Mma Ajara mai sabulu ta ɗaga murya ta ce wa Mista Andani: "Massa, gawayin bai yi ƙarya ba. Farfesa da kansa ya ce baƙi yana sauka kan aibi!"

Wallahi ni da nake cikin taron na so in tausaya masa, dariya ce ta riga ni. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa kuwa bai fi hudar allura ba.

Amma kada a ce sabuwar ƙasa ba ta san darajar gwaninta ba. Da aka buɗe masana'anta, Farfesa ne farkon wanda aka ɗauka aiki. Aka ba shi tukwane da soso, aka ce ba sai an ɗinka masa riga ba, tasa ta riga ta faɗi muƙaminsa.