Na Zaɓi Injin Iska da Nauyinsa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko gawar maigidana daga Maraɗi ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma wannan ba labarin da nake son bayarwa ba ne. Amma gara in faɗa da bakina, tunda a garinmu Mazanya an riga an faɗa da bakin wasu.

Ni direba ne. A-kori-kura gare ni, tsohuwa, ina jigilar kaya tsakanin Jibiya da ƙauyukan bakin iyaka. Ban yi boko ba, da babban yatsa nake sa hannu. Hanyar nan ta nuna mini abubuwa. An harbi motata ina ciki. Na yi kwana tara a hannun mutanen daji, na dawo da ƙafata. Duk ban yi kuka ba. Shi ya sa na ɗauka babu sauran abin da wani zai koya mini a kan mota. (Daga nan ciwon ya fara.)

Wanda bai san hanyoyinmu ba, ga yadda suke. Kana barin kwalta sai rairayi. In za ka ratsa gulbi da rani, dole ka rage wa tayoyi iska su yi taushi, su baje a kan yashi, in ba haka ba mota ta nutse har ciki. In ka haye kuma sai ka mayar da iskar, don gaba tsakuwa ce da marmara, masu yanka taya mai taushi kamar wuƙa. Da can mukan rage kaɗan, mu lallaɓa zuwa wurin mai faci. Yanzu masu faci da yawa sun bar ƙauye sun koma gari. Sai direbobi suka shiga sayen ɗan injin iska, wanda ake maƙala wa batir, ya cika taya a ko'ina.

Ni ma na je saye, a wani shago kusa da shingen Magama. Mai shagon mutumin Ɗan Isa ne, mai fara'a. Ya jera mini guda uku. Ɗaya ƙarami, bai fi kwanon sha ba. Ɗaya madaidaici. Na ukun ƙato ne, ƙarfe zalla, mai kai biyu. Ni kuwa duk abin da na saya a duniya da hannu na auna shi: buhun gero, rago, batir. Abu in ya yi nauyi, akwai gaskiya a cikinsa. Na ɗaga ƙaramin, na ji kamar fanko. Na ɗaga ƙaton, sai da kafaɗata ta amsa. Na ce wannan.

"Maigida, wace irin mota gare ka?" in ji shi.

"Mai taya huɗu."

Ya yi dariya. "A'a, don wanga babban..."

"Saidawa ka zo yi ko tambaya?"

"To bari dai mu gwada shi ga motar taka, ai ga ta nan waje."

Na ce ba ni da lokaci. (Ina da lokaci. Daga can wurin mai shayi na wuce, na zauna har azahar.) Ya ce Allah ya sa albarka. Na tura injin bayan kujera cikin kwalinsa, ko buɗewa ban yi ba. Mako uku yana nan. A tasha kuwa ba wanda ban gaya wa ba cewa ni na gama da masu faci.

Sai Malam Ilu ya rasu.

Shi ne maigidana. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar ubana, ya koya mini tuƙi, ya tsaya mini har na yi aure. Shekara arba'in yana kan sitiyari. Ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Maraɗi. Da safe ɗansa Lawali, malamin makaranta, ya kira ni.

"Yaya, tsoho ya cika. Na san kai zai so ka kai shi gida."

Na je. Muka naɗe shi a tabarma da bargo, muka kwantar da shi a kan katifa a bayan mota. Lawali ya zauna kusa da kan mahaifinsa. Matar marigayin, Inna Hajo, ta zauna gaba kusa da ni, tana jan carbi. A bakin iyaka ma'aikatan ɓangaren biyu suka leƙa, suka yi mana gaisuwa, suka ɗaga sanda ba wani jinkiri. Lawali ya kira ƙauye ya ce muna isowa kafin azahar. Aka ce an gama kabari, jama'a sun taru, har daga Gangara da Farfaru. Ana son a yi sutura da wuri kowa ya koma gida da sauran rana, don hanyar can ba a bin ta bayan la'asar. Kowa ya san dalili.

Muka bar kwalta, muka iso bakin gulbi. Na sauka na fara fitar da iska. Na fitar fiye da yadda na saba, don ba na son mota ta kafe da maigida a ciki, ba na kuma son ta jijjiga shi. Taya huɗu, kowacce sai da ta kwanta.

Lawali ya leƙo. "Yaya, ba ta yi yawa ba?"

"Ina da inji," na ce.

Muka ratsa yashin nan kamar kwalekwale a ruwa. Ko sau ɗaya ba ta yi tangarɗa ba. A raina har na ce, maigida, ka ga tuƙin da ka koyar.

A ɗaya gaɓar na tsaya, na yage kwali, na buɗe bonet, na maƙala wayoyi a batir, na sa bakin tiyo a taya, na danna. Injin ya yi wani nishi kamar tsohon bijimi da aka tasa daga kwance. Ya juya a hankali, ya juya, ya tsaya yana gurnani. Allurar agogonsa ko motsi. Na kankare kan batir da wuƙa. Na tayar da mota na taka mai. Nishin dai shi ne. Tayar tana kwance tana kallona.

Lawali ya sauko, ya tsuguna, ya juya injin ya duba gefensa.

"Yaya, nan an rubuta ashirin da huɗu."

Wannan ba sai na yi boko ba. Kowane direba ya san ashirin da huɗu wutar babbar mota ce, mai batir biyu. Tawa sha biyu ce, batir ɗaya. Injin tirela na saya wa a-kori-kura. Lawali ya nuna mini rubutun da yatsa, ja ne, manya-manya. Mako uku yana bayan kujerata, yana jiran wanda zai karanta shi, ko wanda zai yarda a karanta masa.

Waya ba ta kamawa a wurin. Na sauko da safaya, na danna ta da hannu, ta lotsa. Tun da na sayi inji ban sake duba ta ba. Na ce to mu lallaɓa a haka. Ba mu yi nisan jifa uku ba tayar baya ta zame daga ƙarfenta, mota ta karkata, ta daki dutse. Na ji ƙarar a bayana. Kan maigida ne ya bugi ƙarfen mota.

Inna Hajo ta ɗora hannu a kan sitiyari.

"Tsaya, ɗana. Shekara arba'in hanya na jijjiga shi. Ya isa hakanan."

Na kashe mota.

Bazara ce, rana tana tsaka. Babu itace kusa. Lawali ya tuɓe babbar rigarsa ya riƙe ta a kan mahaifinsa don inuwa, na kama ɗaya gefen. Muna tsaye haka, fuska da fuska, ba mai kallon wani. Azahar ta yi, muka yi taimama muka yi salla ɗaya bayan ɗaya, don kada inuwar ta sauka. Na sha zama a wurare marasa daɗi, amma ban taɓa jin lokaci ya yi mini nauyi kamar nan ba.

Can sai ga wani manomi da amalanken shanu, ya ɗauko kara. Ya tsaya ya dube mu, ya dubi tabarmar. Bai tambayi komai ba. Ya ce inna lillahi, ya zubar da karansa a gefen hanya, ya share amalanken da hularsa. Muka ɗora katifa, muka ɗora maigida, Inna ta hau kusa da shi. Mutumin da ya kai rabin ƙasar nan asibiti da biki da kasuwa a mota, shanu biyu ne suka kai shi gida. Ni da ya koya wa tuƙi ina biye a ƙasa.

Sai bayan la'asar muka hango ƙauye. Maza sun fito bakin gari da sanduna, daga cikin gidaje ana jin kukan mata. An ce muna zuwa kafin azahar, ba mu zo ba, waya ba ta shiga. A ƙasarmu wannan ma'ana ɗaya gare shi. Da suka gan mu a ƙasa ba mota, sai suka tabbatar.

Wan marigayin, Baba Tanko, tsoho mai sanda, ya taho ya kama hannuna biyu.

"Alhamdu lillahi da kuka tsira. Motar suka ɗauke? Su nawa ne?"

Jama'a suka matso. Na dubi Lawali, ya sunkuyar da kai. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba wanda zai tona ni. Da na ce su shida ne a kan babura, kowa zai yarda, har a yi mini jaje. Ba zan ɓoye ba, maganar ta zo har bakina. Amma maigida yana kwance a gabana, kuma bai taɓa jin na yi ƙarya ba.

"Ba wanda ya tare mu, Baba," na ce. "Ni ne. Ni na fitar da iskar tayoyina da hannuna. Injin da zan mayar da ita, ba na motata na saya ba."

Ba wanda ya yi dariya. (Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.) Baba Tanko ya saki hannuna a hankali.

"Da ka saya, ka gwada shi?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ga jama'a. "Ku shigo da shi, rana na tafiya."

Aka yi wanka, aka yi sutura a gurguje. Mutanen Gangara da na Farfaru sun riga sun juya tun da sauran rana, ba laifinsu ba ne. Sahu biyu kacal suka sallaci Malam Ilu. Sahu biyu, ga mutumin da ya kamata fili ya kasa ɗaukar masu sallarsa. Ni na tsaya a ƙarshen na biyun. Da aka fara zuba ƙasa, kukan da mutanen daji ba su samu a wurina ba ya zo da kansa.

Har yau Lawali bai taɓa tayar mini da maganar ba. Inna ma in na je gaishe ta, fura take dama mini. Wannan haƙurin nasu ya fi zagi zafi.

A hanyar nan mun saba ɗora kowace masifa a kan masu bindiga. Ranar na gane mutum yana iya tare kansa da kansa, da rana tsaka, ba kowa a hanya. Saboda haka duk direban da zai sayi injin iska, ya bar ƙarfin hannunsa a gida. Ya faɗi wutar motarsa, ya buɗe bonet a ƙofar shago, ya fitar da iskar taya ɗaya, ya tsaya har ya ga ta miƙe. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce. Ni gwajina na farko, da gawa a bayan mota na yi shi.